Nandor Hidegkuti: shi ne ya ƙirƙiro lamba tara ta bogi, kuma me ya yi wa Al Ahly?

Tambaya: Wani mai horar da yara 'yan ƙasa da shekara 17 ya ce yana yawan jin masu sharhi suna cewa tun kafin Messi akwai wani ɗan ƙasar Hungari mai suna Hidegkuti da ya fara buga lamba tara ta bogi, kuma ya lura 'yan Masar suna girmama sunan. Yana son sanin wane ne mutumin, me ya yi a fili da kuma a benci, sannan ko zai iya koya wa yaransa wannan salon.

Amsa: Malam koci, ba Nandor Hidegkuti ne ya ƙirƙiro salon ba, amma a ƙafarsa duniya ta fara ganin irin ɓarnar da salon yake yi. Kafin shi, Matthias Sindelar na Ostiriya a shekarun 1930 da Adolfo Pedernera na River Plate a shekarun 1940 duk sun saba janyewa daga gaba su dawo tsakiya neman ƙwallo. Ko a tawagar ƙasarsa ma abokin wasansa Peter Palotas ne ya riga shi riƙe gurbin. Abu guda nake so ka riƙe tun yanzu, domin a kansa sauran bayanin ya rataya: Hidegkuti ɗan tsakiya ne da aka sa wa riga mai lamba 9, kuma dabarar ta ci ne saboda akwai mutum biyu masu gudu su shiga gurbin da ya bari. In babu waɗannan biyun, ka rage wa kanka ɗan gaba ne kawai.

An haife shi a Budapest ranar 3 ga Maris 1922. Ya faro daga ƙananan ƙungiyoyin unguwa, ya bi ta Elektromos da Herminamezei, sannan bayan yaƙin duniya na biyu ya shiga MTK, inda ya zauna har ya ajiye takalmi a 1958. In kana duba tsofaffin teburan gasar Hungari za ka ga sunaye kamar Textiles da Bastya da Voros Lobogo. Kada su ruɗe ka, duk MTK ce, gwamnatin kwaminis ce ta riƙa sauya mata suna gwargwadon hukumar da aka damƙa wa ƙungiyar. Ya ci gasar ƙasa sau uku da ita, a 1951 da 1953 da kakar 1957/58, da kofin ƙasa a 1952, da kofin Mitropa a 1955. Ƙasarsa kuwa ya buga mata wasa 69 ya ci ƙwallo 39. Wasansa na farko da Romaniya ne ranar 30 ga Satumba 1945, aka tashi 7-2, biyu nasa ne.

Ba za a gane abin da ya yi ba sai an san yadda ake tsayuwa a fili a wancan zamani. Bayan an sassauta dokar satar gida a 1925, Herbert Chapman na Arsenal ya yaɗa tsarin da ake kira WM: 'yan baya uku, 'yan tsakiya biyu a gabansu, wasu biyu kuma a gaban waɗannan, sai 'yan gaba uku. Tsaro a wannan tsari na mutum da mutum ne, kuma lambar riga ce ke faɗa maka wanda za ka bi. Lamba 2 na riƙe da 11, lamba 3 na riƙe da 7, lamba 5 kuwa nasa ne lamba 9, ko ina ya shiga. Lamba 9 ɗin nan yawanci ƙato ne mai ƙirji da kai, yana tsaye a bakin da'irar 18 yana jiran ƙwallon da 'yan gefe za su kwaso masa. An shekara sama da 20 ana haka, har 'yan baya suka daina tunanin cewa lamba 9 zai iya zama a wani wuri dabam.

Marton Bukovi, kocin MTK, ya sami kansa ba shi da irin wannan ƙaton bayan Norbert Hofling ya tafi Lazio. Maimakon ya tilasta wa wanda bai dace ba, sai ya ja lamba 9 baya, ya tura 8 da 10 gaba. Gusztav Sebes, kocin tawagar ƙasa, ya ɗauki tunanin. Da Palotas ya fara, kuma da shi a wannan gurbi aka ci zinare a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952, inda aka doke Yugoslabiya 2-0 a wasan ƙarshe, Hidegkuti a lokacin yana yawan bugawa ta gefen dama. Sauyin ya zo a watan Satumba na shekarar, a wasan sada zumunta da Suwizalan a Bern. Ana cin Hungari 2-0, sai Sebes ya fitar da Palotas ya sa Hidegkuti, aka tashi 4-2 Hungari ce da nasara. Daga ranar gurbin ya zama nasa, yana da shekara 30. Abokan wasansa Tsoho suke ce masa.

Ga yadda tawagar ke tsayuwa. Gyula Grosics ne a raga, kuma yana fitowa wajen da'ira ya share dogon ƙwallo, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Buzanszky a dama, Lorant a tsakiya, Lantos a hagu. Jozsef Zakarias sunansa ɗan tsakiya, amma aikinsa ya koma baya kusa da Lorant, ya zama kamar na huɗu a layin tsaro. Jozsef Bozsik shi ne mai raba ƙwallo daga ƙasa, ta ɓangaren dama. Hidegkuti yana gabansa kaɗan, ya fi karkata hagu. A gaba sai Budai a gefen dama, Sandor Kocsis mai lamba 8, Ferenc Puskas mai lamba 10, da Zoltan Czibor a gefen hagu. In ka zana wannan a takarda za ka ga ya kusa zama 4-2-4, tsarin da Bela Guttmann, shi ma ɗan Hungari, ya taimaka ya kafa a Sao Paulo a 1957, Birazil kuma ta ci kofin duniya da shi a 1958. Masu cin ƙwallon gaske a tawagar su ne Kocsis da Puskas. Hidegkuti mai buɗe musu ƙofa ne, wanda shi ma ya iya shiga ta ƙofar in an manta da shi.

Ranar da aka manta da shi ita ce 25 ga Nuwamba 1953 a Wembley. Babu wata ƙasa daga wajen tsibiran Birtaniya da Ailan da ta taɓa cin Ingila a gida kafin ranar. Harry Johnston na Blackpool ne lamba 5 na Ingila, kuma tun minti na farko ya shiga halin gaba kura baya sayaki. In ya bi Hidegkuti zuwa tsakiya, ya bar rami tsakanin 'yan bayan gefe biyu, Puskas da Kocsis kuma suna jiran ramin. In ya tsaya a gida, Hidegkuti ya karɓi ƙwallo babu kowa a jikinsa, ya juya, ya ɗaga kai. A minti na farko Bozsik ya ba shi, ya yi kamar zai buga, Johnston ya zube, ya matsa gefe ya narka ta sama daga bakin da'ira, golan Ingila Gil Merrick bai taɓa ta ba. Ya ƙara ta biyu wajen minti na 20, an ma soke masa wata kafin nan bisa satar gida. An tafi hutun rabin lokaci 4-2, ciki har da ƙwallon nan ta Puskas da ya ja baya da tafin ƙafa ya bar kyaftin ɗin Ingila Billy Wright yana wucewa. Ta ukun Hidegkuti ta zo a minti na 53, Puskas ya ɗaga masa ya buga kafin ta taɓa ƙasa. Aka tashi 6-3. Hungari ta kai hari raga sau 35, Ingila sau 5.

Ka duba ƙwallayen nan uku da kyau, domin darasinka na cikinsu. Babu wadda ya ci yana tsaye a da'ira yana jira. Duk daga baya ya taho, fuskarsa na kallon raga, yana da gudun da ɗan bayan da ke tsaye ba shi da shi. Wata shida bayan haka, ranar 23 ga Mayu 1954, Ingila ta je Budapest da sabon lamba 5, Syd Owen, amma da tsohon tunani. Aka lallasa ta 7-1, kayen da har yau ba ta sha wanda ya fi shi ba.

Maganin salon kuma an same shi, kuma gara ka san shi kafin abokin karawarka ya nuna maka. A gasar kofin duniya ta 1954 a Suwizalan, Hungari ta ci ƙwallo 27 a wasa biyar, Kocsis kaɗai 11, Hidegkuti 4: biyu a wasan rukuni da aka ci Jamus ta Yamma 8-3, ɗaya da ta buɗe wasan Birazil da aka tashi 4-2, ɗaya da ka a wasan kusa da na ƙarshe da Yurugwai, shi ma 4-2 bayan ƙarin lokaci. Waɗannan biyun na ƙarshe an buga su ne babu Puskas, yana jinyar idon sawu, abin da ke nuna nauyin da Hidegkuti ya ɗauka. A wasan ƙarshe a Bern ranar 4 ga Yuli, kocin Jamus Sepp Herberger ya ƙi faɗawa tarkon da Ingila ta faɗa. Ya bar lamba 5 nasa, Werner Liebrich, a gida, ya sa ɗan tsakiya mai huhu, Horst Eckel, ya bi Hidegkuti duk inda ya sa ƙafa. Ramin bai buɗe ba, Hidegkuti kuma bai sami sararin juyawa kamar yadda ya saba ba.

A ganina masu sharhi suna wuce gona da iri in suka ce Eckel ya kashe shi gaba ɗaya. Hungari ta ci biyu cikin minti takwas, Hidegkuti ya daki turke, Kocsis ya daki ƙarfen sama, an share wata a kan layi, gola Toni Turek ya yi aikin da bai taɓa yi ba, an kuma soke wa Puskas ƙwallo dab da tashi. Ga ruwan sama, ga Puskas bai warke ba, ga gajiyar wasa biyu masu zafi. Amma akwai lahani na gaske a tsarin, kuma yana baya ne. Bozsik na hawa gaba, Zakarias bai zama cikakken ɗan baya ba, don haka in ƙwallo ta kuɓuce a tsakiya, mutum uku ne ke tsare faɗin fili. An zura musu 10 a gasar. Ƙwallon da Helmut Rahn ya ci a minti na 84, wadda ta sa aka tashi 3-2, ta faro ne daga inda Hans Schafer ya ƙwace ƙwallo a ƙafar Bozsik. Nan jerin wasa sama da 30 ba tare da kaye ba ya tsaya.

Bayan boren 1956 da tankokin Tarayyar Sobiyat suka murƙushe, Puskas da Kocsis da Czibor sun zauna a waje, daga baya suka koma Sifaniya. Hidegkuti ya zauna a gida. Ya je kofin duniya na 1958 a Suwidin yana da shekara 36, tare da Grosics da Bozsik, Wales ta fitar da su 2-1 a wasan raba gardama na rukuni. Babu abin zama a kai a nan, sai dai hujja ce ga abin da na faɗa da farko: mai buɗe ƙofa yana nan, masu shiga sun tafi.

Aikinsa na koci bai samu yabon da ya kamata ba, domin hasken Wembley ya rufe shi. Ya fara da MTK, sannan ya tafi Fiorentina a kakar 1960/61. A kakar ne aka fara gasar cin kofin zakarun kofuna ta Turai, kuma Fiorentina ce ta fara ɗauka: ta ci Rangers 2-0 a Glasgow, Luigi Milan ya ci duka biyun, ta ƙara 2-1 a Florence. A kakar dai ta ɗauki kofin Italiya da ci 2-0 a kan Lazio. Kakar da ta biyo ta ƙare ta uku a gasar Serie A, ta sake kaiwa wasan ƙarshe na Turai, inda Atletico Madrid ta yi nasara a wasan maimaici. Lura da irin ƙungiyar: tauraronta Kurt Hamrin ne, ɗan Suwidin mai buga gefen dama yana kutsawa ciki ya ci, kuma gasar Italiya ta lokacin ta tsaro ce, ana ajiye mutum guda a bayan 'yan baya yana shara. A irin wannan gasa janye lamba 9 ba ya buɗe rami, domin akwai mai toshe shi. Nasarar da ya samu a can ta zo ne ta amfani da abin da ya tarar.

Bayan kaka guda a Mantova ya koma gida ya karɓi Gyor, ƙungiyar wani gari na masana'antu da ba ta taɓa cin gasar ƙasa ba, a ƙasar da ƙungiyoyin Budapest suka mamaye komai. A ƙarshen 1963 aka buga gajeruwar gasa ta zagaye ɗaya, wasa 13, domin ana sauya kalandar kaka, Gyor ta ɗauka. Mai son rage masa daraja zai ce gajeruwar gasa ce. Amsar tana cikin abin da ya biyo baya: a gasar zakarun Turai ta 1964/65 Gyor ta fitar da Chemie Leipzig da Lokomotiv Sofia da DWS ta Amsterdam, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Benfica ta su Eusebio ta ci ta 1-0 da 4-0. A wurina wannan ne aikinsa mafi wuya a Turai, ya fi na Fiorentina, domin da 'yan wasan da ba a san su a waje ba ya yi shi. Daga nan ya zagaya Tatabanya, ya koma MTK, ya je Stal Rzeszow a Polan, ya je Eger, babu wanda ya daɗe a ciki.

Sai Alƙahira a 1973. Al Ahly da ya tarar ba ita ce wadda kake gani yau ba. Rabonta da gasar Masar tun kakar 1961/62. An dakatar da gasar shekaru bayan yaƙin 1967, aka dawo, Ghazl El Mahalla ta ɗauki ta 1972/73, yaƙin Oktoba na 1973 ya sake katse wadda ta biyo. Hidegkuti ya jingina da matasan ƙungiyar, waɗanda 'yan Masar suka riƙa kira tawagar ɗalibai saboda ƙuruciyarsu: Mahmoud El Khatib a gaba, Mustafa Abdou a gefe, Mustafa Younis a baya, Ekramy da Thabet El Batal a raga. Cikin shekara bakwai ya ci gasar sau biyar, 1974/75, 1975/76, 1976/77, 1978/79 da 1979/80, da kofin Masar a 1978, shekarar da Zamalek ta ɗauki gasar. Kofin zakarun Afirka ne bai samu ba. MC Alger ta fitar da shi a 1976, Hearts of Oak ta Ghana a 1977.

Amma yaran da ya rena ne suka ɗauko kofin a 1982, shekara biyu bayan tafiyarsa, a ƙarƙashin Mahmoud El Gohary wanda ya yi masa mataimaki. A hanya sun fitar da Enugu Rangers a wasan kusa da na ƙarshe, suka doke Asante Kotoko a na ƙarshe, 3-0 a Alƙahira da 1-1 a Kumasi. El Khatib ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 1983. El Gohary ya kai Masar kofin duniya na 1990, ya ci kofin nahiyar a 1998. Dalilin girmamawar da ka ji ke nan.  FIFA ta ba shi kyautar wasa mai tsabta a 1993. Ya rasu a Budapest ranar 14 ga Fabrairu 2002, filin wasan MTK kuma sunansa yake ɗauke da shi.

Yanzu batun yaranka. Za ka iya koya musu, amma ka fara da duba ko kana da mutanen. Kada ka fara da neman Hidegkuti, fara da neman Kocsis da Puskas ɗinka: yara biyu masu gudu, masu son shiga bayan 'yan baya ba tare da ƙwallo ba, waɗanda kuma suka iya gamawa. A tsarin 4-3-3 na yau 'yan gefe biyu ne ke wannan aiki, kamar yadda Henry da Eto'o suka yi wa Messi ranar da Barcelona ta ci Real Madrid 6-2 a watan Mayun 2009, ko yadda Salah da Mane suka yi wa Firmino a Liverpool. In 'yan gefenka masu son a kawo musu ƙwallo a ƙafa ne su tsaya a layi su yi yanka, ka ajiye maganar tukuna. Shi kuma mai lamba 9, abu uku ake nema gare shi: ya iya karɓar ƙwallo da jikinsa a karkace, kafaɗa ɗaya na kallon raga, ya iya ba da fasin da taɓawa ɗaya, ya iya buga raga daga mita 18 zuwa 22. Na ukun nan ake yawan mantawa, alhali shi ne ke tilasta wa ɗan baya ya fito. Wanda ba a tsoron bugunsa, babu mai bin sa.

Nisan janyewar mita 10 zuwa 15 ne daga layin 'yan baya, a tsakanin su da 'yan tsakiyar abokan karawa. In ya wuce haka ya dawo har kusa da lamba 6 naku, wato ɗan tsakiyarku mai tsaro, ya zama ɗan tsakiya na huɗu wanda ba ya tsorata kowa. Lokaci ya fi nisa muhimmanci. Ya fara tsayawa a jikin ɗan baya, har ya ɗan tura shi baya taku biyu, sannan ya ɓalle a daidai lokacin da mai ƙwallo ya ɗaga kai. Kuskuren da yara suka fi yi shi ne su janye da wuri su tsaya suna ɗaga hannu. Wanda ya tsaya an riga an gan shi, ɗan tsakiyar abokan karawa zai matso ya tare hanyar fasin, shi ke nan.

Ka koya masa ya waiwaya sau ɗaya kafin ƙwallon ta iso, domin amsar tana bayansa. In ɗan baya ya biyo shi, kada ya riƙe, ya mayar wa ɗan tsakiyar da ke kallon gaba da taɓawa ɗaya, shi kuma ya zura ta cikin ramin, ɗan gefe ya riga ya taso a karkace daga waje zuwa ciki. Mutum uku, taɓawa uku. In ba a biyo shi ba, ya juya ya tunkari raga da ƙwallo har sai wani ya fito, sannan ya zaɓi bugu ko fasin. Bayan ya rabu da ƙwallon kuma aikinsa bai ƙare ba: ya biyo baya ya iso wajen ɗigon fenareti a makare, bayan 'yan baya sun koma bakin raga. Yawancin ƙwallayen da zai ci daga nan za su fito.

A atisaye, ɗauki fili mai faɗin da'irar 18 da tsawon mita 35 zuwa 40 daga raga. Sa 'yan baya biyu da gola, ka sa masu kai hari huɗu: mai ba da ƙwallo, lamba 9, da masu gudu biyu. Da farko kai ne za ka riƙa nuna wa ɗan baya a ɓoye ko ya bi ko ya tsaya, don lamba 9 ya koyi karantawa. Yi minti 12 zuwa 15, ka riƙa sauya yara, kuma ka tsaya a layi kana busa satar gida da gaske, in ba haka ba masu gudun za su saba tashi da wuri, ranar wasa alƙali ya riƙa kama su. Bayan mako biyu ko uku ka ƙara ɗan tsakiya guda a ɓangaren tsaro, ka ce masa ya manne wa lamba 9. Wannan shi ne Eckel. Maganinsa, lamba 9 ya ja shi gefe ko ya kai shi cikin 'yan bayansa, ya bar tsakiyar fili ga ɗan tsakiyarku ya hau da ƙwallo. Wanda aka sa ya bi mutum ya bar wurinsa, kuma wurin nan naku ne in akwai mai hankalin shiga.

Akwai ranakun da bai kamata ka yi amfani da salon ba. In abokan karawa sun koma gida gaba ɗaya, mutum tara a bakin da'irarsu, babu fili a bayansu da za a gudu a shiga, kuma ka cire mutumin da zai tsaya a gaban gola ya sa kai. Hungari ba ta sha wannan wahala sosai ba saboda Kocsis na daga cikin waɗanda suka fi kowa iya ka a tarihin wasan. In ba ka da irinsa, ranar ka sa cikakken ɗan gaba. Haka in filin turɓaya ne mai ramuka da ƙwallo ke tsalle, fasin ƙasa na taɓawa ɗaya zai riƙa kuɓucewa, kuma a wuri mafi haɗari, tsakiyar fili, lokacin da mutum uku ko huɗu naku sun riga sun wuce gaba. Shi ya sa dole lamba 6 ya zama Zakarias ɗinka: ba ya hawa, yana mita 8 zuwa 10 a gaban 'yan baya, kuma in ɗan bayan gefe guda ya tafi, ɗayan ya zauna. A kowane lokaci mutum uku da shi na huɗu su kasance a bayan ƙwallo.

Ingila ma ta gwada kwaikwayo nan da nan. Manchester City ta sa Don Revie a irin gurbin daga kakar 1954/55, wasan farko Preston ta ci ta 5-0. Bai zauna ba sai da aka sa Ken Barnes a tsakiya, wanda ya riga ya saba da tsarin a ƙungiyar 'yan benci, yana hawa yana ba Revie abokin musayar ƙwallo. Da haka suka kai wasan ƙarshe na kofin FA a 1955, suka ɗauka a 1956 da ci 3-1 a kan Birmingham. Don haka ka ba yaran aƙalla wata biyu na atisaye da wasannin sada zumunta kafin ka shiga da shi gasa, kuma ka horar da yaro na biyu a gurbin tun yanzu, domin ranar da na farkon ya ji rauni ba za ka iya sa ƙaton ɗan gaba a wurin ka ce masa ya yi abin da bai taɓa koya ba.